Abokina da Ya Yi wa Golanmu Jarrabawa

Shekarun baya, ina ɗalibi a wata kwaleji a Zuru, ni ne uban 'yan sowar ƙungiyar ƙwallonmu. Ban iya buga ko gwangwani ba, amma murya kam Allah ya ba ni. Abin alfaharinmu shi ne golanmu, wani dogo daga wajen Mahuta. In ya tsaya a raga, sai dai 'yan gaba su yi ta zufar banza.

Ni kuwa akwai ni da bin diddigi. Ajinmu ɗaya da golan nan, amma ban taɓa ganin ƙeyarsa a aji ba. Sakamako in ya fito kuma, sai in gan shi a samana, ni da nake kwana da takarda. Abin ya tsaya mini a rai. Na tambayi abokina da muke ɗaki ɗaya, wani gajere mai tabarau, ɗan wajen Ribah, da ke aji na gaba da mu. Ya yi dariya ya ce ai shi ne yake shiga ya rubuta masa jarrabawa. Ba sisin kowa, wai gayya ce: wani ya kaɗa ganga, wani ya kawo ruwa fili, shi kuma tasa gudunmawar ke nan. Tsofaffin malamai sun sani, kau da kai suke yi. Wallahi a lokacin burge ni ya yi, har na dafa kafaɗarsa.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne sabon malami. An kawo wani, ya je kallon wasa ranar Asabar, ya ga golanmu ya tare fanareti biyu. Ranar Litinin aka sa shi tsaron jarrabawa. Da ya ga sunan a takarda, sai ya taho da murna don ya gaisa da gwanin. Ya tarar da gajere mai tabarau.

Kwamiti ya zauna, aka ce su biyun kora ce, ga gasar makarantu saura mako biyu. Nan fa muka tashi. Na shirya waƙa, muka cika ƙofar ofishin shugaba da ganguna, har 'yan kabu-kabu da 'yan kasuwa suka shigo mana. Kwana uku, hukuma ta sauko: golanmu ya maimaita darasi ɗaya kawai. Abokina kuwa korarsa ta tabbata, saura masa zango ɗaya ya gama. Na taya shi ɗaure katifa a bayan babur, na ce masa za mu san abin yi, na ruga fili don kada a fara atisaye ba ni. Kofin ma a wasa na biyu aka fitar da mu.

Bara na je Ribah, na same shi a shagon maganin feshi. Ya karɓe ni hannu biyu, ya aika aka kawo fura. Muna cikin hira ya ce akwai abin da ya daɗe yana son sani, ba don rigima ba.

"Kwana ukun nan da kuka yi a ƙofar ofis, akwai wanda ya kira sunana?"

Ni na shirya waƙar, har yau ina iya rera ta daga farko zuwa ƙarshe.

Tun ranar nake juya abin. Da na ɗauka hukuma ce ta yi rashin adalci. Amma hukuma ta leƙo ta taga ne, ta saurari wanda muke kira, ta bar mana shi. Abin da har yanzu na kasa ganewa, kuma yake ba ni kunya, shi ne yadda mai bin diddigi irina ya yi baiti shida bai lura babu sunan wanda suke ɗaki ɗaya ba.