Jan Farce a Jikin Birki

A ɗan akwatin gaban motata, ƙarƙashin takardun inshora, na yi shekara biyu ina ajiye da kwalbar jan farce. Ta matata ce. Daga gaban madubinta na ɗauke ta ban tambaya ba, ta yi ta nema har ta gaji ta ɗora wa 'yarmu laifi. Wato dai sata na yi don in kama ɓarawo, kuma a lokacin ko kaɗan ban ga abin dariya a ciki ba.

Mota ɗaya gare ni a shekarun nan, baƙa, ƙirar Jamus, mai ƙofa huɗu da injin da ya fi ƙarfin titunan Abuja. Daga Litinin zuwa Juma'a ita ke kai 'yata makaranta, ta kai ni ofis a Wuse, ta yi ta rarrafe cikin gosulo tana gurnani. Ranar Lahadi da safe kuwa sai in cire kujerar yarinya daga baya in nufi wani fili can bayan hanyar filin jirgi, inda wani kamfani ya shimfiɗa kwalta ya watsar. A nan mu masu ciwon mota muke haɗuwa. Mu jera tsofaffin tayoyi su zama kwanoni, kowa ya shiga shi kaɗai ya zagaya, ana riƙe masa agogo. Ban taɓa zuwa na ɗaya ba, amma idan na taka totur na ji bayana ya manne da kujera, duk baƙin cikin mako sai ya zube.

Matata ba ta taɓa son abin ba. Wata Lahadi da na dawo motar tana warin ƙonannen roba, ta tsaya a ƙofa ta ce, "Yallaɓai, da takalmin da kake buga ƙwallo kake zuwa ofis?" Na ce mata mota ba takalmi ba ce. A ganina mota ɗaya ta gaske ta fi biyu rabi-rabi. Hannuna ya san sitiyarinta, ƙafata ta san inda birkinta yake kamawa, kuma in zan mallaki biyu sai na sayar da ita na koma ƙananan da ba za su burge kowa ba. Wannan na ƙarshen ban faɗa mata ba.

Bakaniken da ke duba min ita yana Apo, dattijo ne gajere mai furfura a gemu, ɗan asalin wajen. Ya taɓa miƙa sifana ya nuna min wasu benaye ya ce a nan mahaifinsa yake noman doya. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce min Oga. Kirista ne, ba ya buɗe gareji ranar Lahadi, saboda haka bai taɓa ganin wasanmu ba. Abin da wasan ya bari kawai yake gani, ranar Litinin. Na yi shekara tara ina kai masa motoci tun ina da wata akwala da sai an tura, kuma a da nakan jefa masa makulli in hau tasi in tafi ko waiwaye babu.

Shi ma sai ya fara irin maganar matata. "Oga," ya ce, "motan nan yana aiki na mota biyu, amma kana ba shi hutu na mota ɗaya. Ka riƙe wannan na gida da madam da yarinya. Ka ɗauki wancan tsoho ka je ka kashe shi a filin ku." Ya nuna wata mota da ke ƙarƙashin bishiyar mangwaro an lulluɓe ta da tamfol. Irin tawa ce sak, sai dai ta girme ta, kuma tasa ce, wani ya yi hatsari da ita ya sayar masa ya gyara. Nan take wani abu ya ɗarsu a raina. Ashe duk wa'azin nan kasuwa ce. Mutum yana da mota yana neman mai saye, ga ni na zo da kaina duk Litinin.

Wanda ya ƙara hura min wutar wani abokina ne na filin, ɗan Maitama, wanda tasa motar wasan a kan tirela ake kawo masa ita, ya iso daga baya a wata. Da na ba shi labari ya yi dariya har da buga bonet. "Kai har yanzu yaro ne," ya ce. "Ka kai musu kaya sababbi, su cire su sa maka tokumbo na hannu, gobe su sayar wa wani naka. Ni ko noti ba ya shiga motata sai na sa masa alama." Shi ya koya min dabarar jan farce. Ɗigo ɗaya a lungun da ido ba ya kai wa, a jikin batir, a cikin ƙafar taya, a kan duk wani ƙarfe da za a iya kwancewa.

Daga nan na zama ɗan sanda a kan motata. Kafin in ba da makulli sai na haddace maleji, na kalli allurar mai. In na dawo na tarar an matso da kujerar direba gaba, sai zuciyata ta ce an tafi yawo da ita. Na sani sarai Baba gajere ne, kuma dole ya zagaya da mota ya ji ko gyara ya yi, amma sanin bai hana ni zargi ba. Na daina shan shayin da yake aika a kawo min, don in ina sha ba na ganin hannunsa. Na koma sayo kayan gyara da kaina, in ɗiga musu ja a gida, in kawo a sa ina tsaye. Haka na yi da fad ɗin birki, 'yan ƙarafunan nan masu fata da suke matse ƙafar mota idan an taka. Masu tsada na sayo, na ɗiga wa kowanne ja a kunnensa, ya sa min su.

Bayan kamar wata biyu, wata Litinin na kai ta a canja baƙin mai, don ranar Juma'a za mu tafi Jos bikin ƙanin matata, mu uku. Na gaya masa hakan muna gaisawa. Ya ɗaga motar a jak, ya cire taya ɗaya ta gaba, ya leƙa, ya daɗe yana leƙe. "Oga, birki ya ƙare," ya ce. Na ce wane birki, wanda ko wata uku bai yi ba? Ya ce wata uku na ofis daban, wata uku na fili daban. Na ji raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, mai na ce a canja. Kada a taɓa min birki." Ina da taro a ofis, dole na bar ta na hau tasi. Da yamma na zo na tarar an matso da kujera gaba, maleji ya ƙaru kaɗan, bai kuma ambaci birki ba. Na ce a raina, ka ga, da na tsare gida ai maganar ta mutu.

Muka je Jos muka dawo lafiya. Akwai wata gangara a hanyar dawowa inda wata babbar mota ta tsaya cak a gabanmu muna shan kwana, na taka birki da dukan ƙarfina, motar ta tsaya saura ƙiris. Matata ta yi salati, 'yata ta farka tana kuka. Ni kuwa har da yi wa matata gori, na ce ta ga amfanin kaya masu tsada.

Lahadin da ta biyo, a fili, na cire ƙafar gaba zan sa tayar wasa, sai na haska fitilar waya ina neman ɗigona. Babu. Na duba ɗaya gefen, babu. Fad ɗin ma ba kalar nawa ba ne, kuma da gani an taɓa amfani da su. Abokina ya durƙusa ya leƙa, ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Ban gaya maka ba?" ya ce. Abin kunya, abin da na fara ji a lokacin daɗi ne. Shekara biyu ina jiran wannan ranar.

Ranar Litinin ban ko tsaya ofis ba. Na shiga Apo na yi fakin a tsakiyar hanya na fito ina ɗaga murya tun kafin in rufe ƙofa. Ban ce masa Baba ba. Na ce ɓarawo. Na faɗa sau uku ko huɗu, da Hausa da Turanci, don kowa ya ji. Masu gareji na kusa suka ajiye aiki, masu sayar da kayan gyara suka fito bakin shaguna, mai abinci ta tsaya da ludayi a hannu. Akwai wata mata da ta kawo motarta tana zaune a benci, na ga ta miƙe a hankali ta karɓi makullinta daga kan tebur ta ja motarta ta tafi. A Apo bakanike ba shi da allo ba shi da takarda, sunansa kawai yake ci da shi, kuma na san haka lokacin da nake ihun.

Bai katse ni ba. Da na yi shiru ya shiga ɗan ɗakinsa na langa-langa ya fito da wata leda, ya zazzage ta a kan bonet ɗina. Fad huɗu ne. Fatar jikinsu ta cinye saura kamar kaurin farce, ɗaya ma ƙarfe ya fara bayyana, ya yi shuɗi don zafi. Ya ɗauki ɗaya ya goge kunnensa da babban yatsa ya miƙo min. Ɗigon yana nan, wuta ta mai da shi baƙi-baƙi.

"Naka ke nan," ya ce. "Tun ranan da ka kawo shi na ga jan. Na batir ma na gani, da na taya." Sai ya je ƙarƙashin mangwaro ya yaye tamfol. Motarsa tana kan duwatsu, ƙafafun gaba a cire, wurin birki fayau. "Na nan na cire na sa maka. In na gaya maka za ka ce ina neman kuɗinka, ka ce in mayar. Kuma ka ce za ka Jos da yarinya." Ya mayar da tamfol ɗin ya ɗaure igiyar. "Shi ke nan, Oga. Ka matsar da mota, ka tare hanya."

Gangarar nan ta dawo min a ido, da kukan 'yata. Na buɗe baki in ba da haƙuri, amma muryar da ta cika Apo ɗazu ta ƙi fita sai ƙasa-ƙasa, ba wanda ya ji sai shi, kuma mutane sun riga sun fara watsewa. Waɗanda suka tsaya sun ga gaskiya. Waɗanda suka wuce, da matar nan, da rabin labari suka tafi.

A cikin watan na sayi ƙaramar mota ta zuwa ofis da makaranta, baƙar ta koma ta Lahadi kaɗai. Matata ba ta ce min "ai na gaya maka" ba, kwalbarta kawai ta tambaya, don na ba ta labarin duka. Yanzu shekaru sun ja, 'yar da ke kuka a baya har ta fara roƙona in koya mata tuƙi, motoci biyu suna nan a tsakar gida, kuma kowa ya tambaye ni shawara nakan ce ya raba su.

Apo kuwa sai da na yi sawu uku. Na farko ya ce aiki ya yi masa yawa, alhali benci babu kowa. Na biyu na bi gareji gareji na layin ina faɗa da bakina cewa ƙarya na yi masa, wasu suka ce Allah ya kyauta, wasu suka kalle ni kawai. A na uku ya karɓi makullin. Na yi murna, na juya zan tari tasi kamar da, in nuna masa na bar masa mota ko waiwaye babu.

"Oga, tsaya," ya ce.

Ya sa hannu a aljihun rigar aikinsa ya fito da 'yar kwalbar jan farce sabuwa, ya girgiza ta. Ya ɗiga a kan matatar mai da zai sa, ya nuna min, ya jira har na gyaɗa kai. Ya karanta min maleji da ƙarfi. Sannan ya jawo min benci inda zan riƙa ganin hannunsa.

Har yau haka muke yi. Aikinsa bai canja ba, gaisuwarsa ma da fara'a. Na roƙe shi ya daina ya fi a ƙirga, sai ya ce, "Haka ya fi, Oga," ya girgiza kwalbar. Shayi kuwa bai sake aikawa a kawo min ba.