Sun Yanke Ni A Kan "Na Gani"

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Sale makwancinsa, kuma bana ce shekarar farko da ranar ta zagayo na kasa zama wuri ɗaya in yi masa addu'a a natse. Na zauna a zaure, zama ya gagara. Na fita na zaga kasuwa ban sayi ko barkono ba, na dawo, na sake fita. Shi ya sa na ce bari in rubuto muku a jarida in huta. Ni ba ɗan boko ba ne, a aji biyu na sakandare na ajiye biro na kama sitiyari. Wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri, maganar dai a miƙe take.

Duk wanda ya girma a Suleja ya san Sale Na-Gani. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shago ɗaya ne ofishinsa a unguwar Wambai, da allo a ƙofa an rubuta "Hulɗa da Jama'a da Tallace-tallace". Kayan aikinsa tsohuwar a-kori-kura ce mai lasifika biyu a ka, ni ne direbanta. Masu makarantun kuɗi, masu kamfanin ruwan leda, dillalan taki, ƙungiyoyin 'yan kasuwa, duk wanda yake son gari ya san shi ko yake son gari ya huce da shi, wurin Yaya yake zuwa.

Sunan Na-Gani ba daga gida ya samo shi ba, daga bakinsa ne. Ba ya ɗaukar makirfo a kan abin da bai taka da ƙafarsa ya je ya duba ba. In taki ne, sai ya kwance buhu ya tura hannu har gindi. In makaranta ce, sai ya shiga aji ya zauna a benci kamar ɗalibi. Sannan ya buɗe shelarsa da kalma ɗaya wadda ba ta sauyawa: "Jama'a, na je, na gani." Daga nan ya jero abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi.

Na tuna wani mai makaranta da ya biyo mu har bakin tasha yana huci, don Yaya ya faɗa wa duk gari cewa azuzuwa na da kyau, malamai na zuwa a kan lokaci, amma makewayi ɗaya ne tak, kuma an yi alkawarin ƙarawa kafin damina. Mutumin ya ce, "Sale, kuɗi na ba ka ka tona mini asiri?" Yaya ya ce, "Alhaji, in na ɓoye makewayin, ba wanda zai yarda da azuzuwan." Ya tafi yana zagi, amma ya gina makewayin, kuma da zango ya zagayo shi ne ya sake kiranmu.

Sauran rabin aikin kuwa ba a jin sa a lasifika. In mun gama shela a ƙauye, sai ya kashe na'ura ya sauko ya zauna gindin bishiya da manoma, ya bar su su yi ta ƙorafi. Ni ina cikin mota yunwa na cina, ina danna masa ham, shi ko a jikinsa. Abin da suka faɗa, shi zai kwasa ya kai wa wanda ya ɗauke mu aiki, ba ragi. Yakan ce mini, "Isiya, lasifika baki ce kawai. In ba ka da kunne, kai maroƙi ne, ba mai hulɗa da jama'a ba."

Da ya rasu, babban ɗansa Kabiru ya karɓi ofishin. Yaro ne mai ilmi, ya yi jami'a, kuma ba zan ci zalinsa ba, shi yake riƙe da uwarsa da ƙannensa. Ya sayar da a-kori-kura, ya koma bene, ya sayi fitilar nan mai zagaye da ake haska fuska da ita, ya tara samari da 'yan mata kowa da waya a hannu. Yanzu komai a soshiyal midiya ake yi. Ban yi faɗa da wannan ba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Abin da muke yini muna ƙona mai mu isar wa ƙauyuka uku, su kafin shayi ya huce sun isar da shi har Abuja da Kaduna. Kuma na san wana, mutum ne mai son sabon abu. Da yana raye, da shi zai fara sayen wayar, ya dame yaran da tambaya har su gudu.

Amma ina tambayar kaina, da ya hau benen nan ya ga abin da na gani, me zai ce? Yaro ɗaya yana da suna biyar a waya, uku na mata. In wani ya yi kuka da kayan kastoma, sai su taso masa da yabo kamar kiyashi a kan sukari har maganarsa ta nutse. In ya nace, a goge shi, a toshe shi. Wannan suke kira kula da sunan kamfani. Ƙorafin da Yaya yake zama a rana ya tattara kamar zinariya, su sharewa suke yi kamar kashin kaji.

Duk da haka na ja bakina na yi shiru, don ba a tambaye ni ba. Sai bana, kafin ruwa ya sauka, Kabiru ya zo gidana da leda cike da lemo. Ya ce akwai wani kamfanin sayar da filaye can ta hanyar Tafa, manyan kastomominsu ne, amma ciniki ya ƙi motsi. "Baffa, mutane sun gaji da bidiyoyin yaran nan, tsohuwar fuska suke so. Kai kowa ya san ka a motar Baba. Kalmarsa kawai za ka faɗa." Na ce masa kalmar nan ba a faɗinta a zaune, sai an je. Ya yi dariya ya ce, "Ai shi ya sa za mu kai ka, Baffa, har da esi mai sanyi a motar."

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Shekara da shekaru ba wanda ya neme ni a kan aikin nan. Na sa babbar riga, na kafa hula, muka tafi. Gaban filin ba laifi, an yi ƙofa an shafa fenti, tutoci na kaɗawa. Na bar su suna gyara kyamara na taka zuwa baya. Ba sai malami ba, ko makaho ya taka wurin ya san kwari ne: ƙasa baƙa ta tsattsage, ga ciyawar fadama, ga zaizayar bara a fili. Na dawo na tsaya gaban kyamara na ce, "Jama'a, na je, na gani. Filayen gaba tudu ne, ba su da matsala. Amma layin baya hanyar ruwa ce, kada wanda ya saya sai ya zo da damina ya duba da idonsa." Kabiru ya tafa hannu ya ce, "Shi ke nan, Baffa, ka gama aiki!"

Da bidiyon ya fito, 'yata ce ta nuna mini a wayarta. Ga ni nan da hulata, na ce, "Jama'a, na je, na gani." Sai kiɗa ya ɗauka. Sai wasu gidaje masu jan kwano da kwamfuta ta zana, da yara suna wasa a kan ciyawa. A gefe hoton Yaya Sale, an rubuta a ƙasa wai amanar Na-Gani ba ta mutu ba. Sauran maganata kuwa ko ƙurarta.

Na hau benen nan ina haki. Kabiru ya ba ni kujera na ƙi zama. Ya ce, "Baffa, ka kwantar da hankalinka. Bidiyo in ya yi tsawo ba mai kallo, mutane ba su da data. Kuma mun sa maka ƙarya a baki ne? Ka je ko ba ka je ba? Ka gani ko ba ka gani ba?" Wannan tambayar ita ta fi ci mini rai. Ba su ƙara mini ko harafi ba. Almakashi kawai suka sa. A zamanin lasifika, in kana son ka yanke wa mutum magana sai ka ƙwace makirfo a hannunsa gaban jama'a, kowa ya ga ka ƙwace. Yanzu ana yanke ka kana gida kana shan koko.

Na sa 'yata ta rubuta gyara a ƙarƙashin bidiyon da sunana. Kafin la'asar an goge, an toshe ta. Fuskata ce a sama, amma an hana ni magana a ƙasanta.

Sai ga damina. Akwai wani bawan Allah, Malam Lawal, mutumin Funtua, direba ne a wani ofis a Abuja, yana haya a unguwar Kurmin Sarki da matarsa da yara. Irin mutanen nan ne da ke fita bayan asuba su dawo a gajiye, burinsu su samu inda za su ce nasu ne. Bai taɓa sanin Yaya ba, amma mai gidan da yake haya dattijo ne ɗan gari, shi ya ce masa in gidan Na-Gani suka ce sun gani, ya rufe ido ya saya. Ya sayi layin baya don ya fi sauƙi. Ya kai gini har taga. Ruwa ya zo ya kwashe bulo da tushe, ya bar masa rami.

Bayan sallar Juma'a ya tare ni. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Hannu ya ba ni, ya ce, "Malam, kai ne ka ce ka gani." Na ce wallahi na faɗi fiye da haka. Ya dube ni ya ce, "To, mu dai ba mu ji sauran ba." Tun ranar na sauya masallaci, kuma in hanya ta biyo da ni Kurmin Sarki sai in zaga.

Uwar Kabiru ta aiko a ce mini in rufa wa ɗana asiri, kada in kai maganar jarida. Na san ɗana ne, a hannuna aka yanka ragon sunansa. Na je masa sau da dama a ɓoye, kullum amsar ita ce kwangilarsu da kamfanin ba ta ƙare ba. Bidiyon kuma har yau yana yawo, ana tura shi daga waya zuwa waya, akwai sauran filaye a layin baya, kuma irin su Malam Lawal ba su ƙare ba.

In na auna abin da ya rage na Yaya Sale, ba yawa. Motar ta zama kayan gwangwan, shagon Wambai yanzu ana cajin waya a ciki, yaran da ke bin mu da gudu sun yi furfura. Abu ɗaya ne ya ƙi mutuwa, yardar da mutane suka ba bakinsa. Ita ce gadon da alƙali bai raba mana ba, kuma ita ake yanka ana sayarwa kaɗan-kaɗan kamar tsire. Na yi tunanin yadda zan cece ta, ban ga hanya ba. Gara in kashe ta da hannuna da a ci gaba da cutar bayin Allah da ita.

Saboda haka, jama'ar Suleja da ƙauyukanta, da ku baƙinmu masu aiki a Abuja, daga yau in kun ji wani daga gidanmu ya ce ya je ya gani, ko ni ne da kaina, ko da hoton marigayi a gefe, kada ku yarda. Ku shiga mota ku je. Mai kalmar ya tafi, ku bar ta ta bi shi. Allah Ya jiƙan Sale, Ya kai haske kabarinsa, shi kuma Malam Lawal Allah Ya mayar masa da alheri.