Na'ura ta biyu ma ta manta da muryar Mama

"Amma Madam Rifkatu, ai muna da na'ura ta biyu a garin Gidan Waya," in ji Oga, yana tsaye a ƙofa kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa bai san mamacin ba.

A ɗan situdiyonmu na Kafanchan ni kaɗai ke kula da babbar kwamfutar da muke ajiye aiki. Da safen nan sabon ma'aikaci ya goge tsofaffin waƙoƙin zumuntar mata ta coci don bidiyon biki ya samu wuri. A cikinsu akwai wadda marigayiya mahaifiyata take bayarwa da yarenmu, mata suna amshi. Babu ita a ko'ina kuma.

Na ce, "Na'urar tana nan, Sir, lafiyarta ƙalau. Aikinta ta kwaikwayi ta farko. Da aka goge a nan, ita ma ta goge a can. Akwai biyayya."

"To mene ne amfaninta?"

"In wannan ta ƙone, mu ci gaba da aiki da waccan. Dawo da abin jiya kuwa aikin bakof ne, kwafin da ake ajiyewa gefe ba a taɓawa. Shi ne kuka ce ba ma buƙata, wai maimaici ne."

Ya ce, "Sai haƙuri," ya wuce mitin.

Na zauna ni kaɗai. Fitilun na'urar duk kore, wai komai daidai. Na soma rera waƙar a hankali, na kai baiti na biyu na tsaya, kuma babu wadda zan kira ta tuna mini sauran.

Ku da ke da muryar wani naku a waya, a ina kuma kuka ajiye ta?