Kwaɗon da aka tono a gidanmu na Argungu

A shekarar da ƙanena ya rushe tsohon ɗakina na 'yanmatanci a gidanmu na Argungu don ya gina sabo, magina suka tono wani kwaɗo na kulle ƙofa daidai inda bakin ƙofar yake. A kulle yake gam, ba makulli, ya yi kore shar, ƙasa ta cushe masa baki. Na zo daga Birnin Kebbi ke nan duba Inna, mahaifiyata, sai na tarar da ita tsaye a kansa tana salati, ta hana kowa taɓawa.

A wurinmu, in aka ga kwaɗo kulle a cikin ƙasa, abu ɗaya ke zuwa wa mutane a rai: an yi wa wani sammu, an kulle masa arziki ko haihuwa. Ni kuwa shekarata bakwai da aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Inna ba ta tsaya neman wata shaida ba.

"Ga shi nan," in ji ta. "Ɗiyata anka kulle. Ni dai na san ba banza ba."

Muna cikin haka Goggo ta shigo. Maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma aminiyar Inna tun suna yara, kuma dukansu biyun gidajen iyayensu suka dawo bayan rasuwar mazajensu tun muna ƙanana. Ta leƙa ramin, ta dubi kwaɗon, ta dubi Inna, ta buɗe baki za ta yi magana, sai kuma ta rufe. Ta juya ta fita ba ko sallama.

Shi ke nan fa. Inna ta tuna cewa ɗan Goggo ya taɓa nemana aure na ce ba na so, ta tuna cewa ba wanda ke shiga gidanmu kamar nasa in ba Goggo ba, ta haɗa ta ɗaure. Da yamma aka miƙo kwanon tuwon shinkafa ta saman katanga kamar kullum, Inna ta mayar da shi ko buɗewa ba ta yi ba. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai. A bayan Goggo na girma, ita ta huda mini kunne, kuma na san in matan nan biyu suka rabu, ba wadda za ta ƙara yin dariya a cikinsu.

Inna ta ce a kai wa malami ya buɗe. Ni kuma, da taurin kan da na gada daga wurinta, na naɗe shi a leda na jefa a jaka na koma gidana a unguwar Badariya, can Birnin Kebbi. Abin da na ƙudurta mai sauƙi ne: in kwaɗon ya girme ni, to ba ni aka kulle ba.

Na kai wa wani tsoho mai yankan makulli a kasuwa. Ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ɗan karce gindinsa da magagari, sai wani ja-ja mai ruwan zinariya ya fito.

"Wanga tagulla ta zalla," ya ce. "Na yanzu ƙarfe na anka shafa ma launi, damina ukku ƙasa ta cinye shi. Irin wanga tun ina yaro nig ga ƙarshensu. Kak ki sa mai ruwan batir, kak ki kankare da wuƙa. Tsamiya da haƙuri."

Na bi maganarsa. Na jiƙa tsamiya mai kauri a tsohuwar roba na tsoma shi, kullum da safe in fitar in goge da tsohon buroshin haƙori, in canza ruwa. Maigidana yana wucewa yana tsokanata wai na samu ɗan reno. A kwana na huɗu koren ya fara saki, na koma murza shi da toka da ɓawon lemun tsami, yadda Inna ke wanke tasoshinta. A na bakwai ya fito fes, na shafe shi da man gyaɗa. Rubutun jikinsa ya cinye, ba ya karantuwa, amma a bayansa akwai zane uku a jere da ɗaya a gicciye, wanda wani ya yi da hannu. Ban san ma'anarsa ba.

Na koma Argungu da hujjata a baki, na shirya dogon jawabi kan tagulla da ƙarfe. Na ajiye kwaɗon a kan tabarma gaban Inna. Ta ja da baya tukuna, sannan ta miƙa hannu ta juya shi. Ban samu na faɗi ko kalma ɗaya ba.

"Shaidar Baba ta," ta ce a hankali. "Ita ag ga gorunan kamun kihi nai, da jirgi nai."

Kakana masunci ne, da wannan kwaɗon yake ɗaure sarƙar jirginsa a bakin gulbi. Sai Inna ta dafe kai da hannu biyu, labarin ya fito. Tana 'yar shekara takwas ta ɗauko kwaɗon don wasa, ta datse shi, makullin ya faɗa rijiya. Tsoro ya sa ta binne shi a gindin wata kurna a cikin gida, wadda daga baya aka sare aka gina ɗakina a wurin. Jirgi ya kwana ba ɗauri, ruwa ya tafi da shi, kwana biyu ana nema. Goggo aka gani kusa da jirgin, aka tambaye ta ta ƙi magana, mahaifinta ya yi mata dukan da ta kwana uku ba ta fita ba. A gaban Goggo aka binne kwaɗon, kuma Inna ce ta sa ta rantse ba za ta taɓa faɗa wa kowa ba, sannan ita da kanta ta girma ta manta.

Ko mayafi ba ta ɗauka ba, ni na bi ta da shi. Muka tarar da Goggo tana tsince shinkafa a faifai. Inna ta durƙusa da ƙyar, ta ajiye kwaɗon a gabanta, hawaye na zuba.

"Kin gane shi tun ranar da anka tono shi?" in ji Inna.

"Awo. Wurin kurna na, ina zan mance?"

"To mi yah hana ki hwaɗi, kib bar ni ina zarginki?"

Goggo ta hure ƙaiƙayi daga faifan, ta matsa mata wuri a kan tabarma.

"Gaban magina da ɗiyanki? Ke kic ce in rantse. Ba ki ce in kwance ba har yau."