Sauran Tafiyar Dogo

Duk mai bin hanyar Rawayya zuwa Gusau ya san Dogo mai ƙwan zabi, ko bai san shi ba ya san kekensa. Ɗan kawuna ne, abokin wasana, kuma ni Haliru ni nake gyara masa keken nan a rumfata da ke Gusau tun kafin ya yi aure. Sunansa na yanka Abubakar Sadiƙ, amma ban da ranar ɗaurin aurensa ban taɓa jin an kira shi da shi ba. Tsawo kam Allah ya ba shi. Kullum sai na ce masa an ba shi tsawo an hana shi wayo, shi kuma ya ce ai gajere ba ya hango abin da ke cikin kan dogo.

Ƙauyensu yana can bayan Rawayya. Da damina yakan bi gida-gida ya tara ƙwan zabi, ya jera a kwando da ƙaiƙayi, ya ɗaure a kariyar bayan keke ya kawo kasuwa. Da rani kuma kaji. Sa'o'insa duk sun koma babur, shi ya ƙi, wai babur yana fasa ƙwai, kuma a wannan zamani shi ke jawo wa mutum ido a hanya.

Wata rana ya ga wani ma'aikaci mai hawan keke don motsa jiki, da wata 'yar mita a kan kekensa tana nuna nisan da ya yi. Shi ke nan, Dogo ya hana ni sakat. Na ce kai da ka san kowane rami na hanyar nan, me mita za ta faɗa maka? Ya ce shekara da shekaru yana taka feda, ba wanda ya taɓa shaidar wahalarsa, to yanzu yana son mai shaida.

Ta farko da ya saya mai waya ce, ba ta yi mako ba akuyar gidansu ta tauna wayar. Ranar na yi dariya har da hawaye. Sai muka shiga kasuwa tare muka nemo marar waya, ya zaɓi mai manyan lambobi saboda idonsa ya fara ja da baya, ya kuma sa mai shagon ya rantse masa ruwan sama ba ya shigarta. Ɗaurawa ce ta ba ni wuya. Abu uku ne: mitar a kan keke, ɗan mayen ƙarfe a jikin sifok ɗin taya, da wani ɗan abu da ake ɗaurewa a fok, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, wanda ke jin wucewar mayen ƙarfen ya aika wa mitar. To keken Dogo irin na dā ne, fok ɗinsa da faɗi, mayen ƙarfen da ɗan abin nan sun yi nesa da juna. Sai da na yanka robar tsohon tif ɗin taya na yi ta naɗawa har suka kusa taɓa juna. Na juya tayar, muka ji ƙas, ƙas, lamba ta motsa. Dogo ya washe baki kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

Tun daga ranar ya samu sabuwar al'ada. Da safe ya yi bismillah ya danna ta koma sifili. Da yamma in ya dawo, matarsa Wasila ta tarbe shi a zaure da ruwa a kwanon shansa, ba zai karɓa ba sai ya nuna mata lambar. Zuwa da dawowa kilomita hamsin da biyu, kullum haka. Wasila ba ta yi boko ba, amma wannan lamba ta san ta kamar fuskar 'yarta Ummi.

Daminar bara ce abin ya faru. An tsinci keken kwance a bakin wata gonar gero, da ƙullin gishiri da takalmin da ya sayo wa Ummi a cikin kwando, mitar tana nuna arba'in da tara. Mutanen daji sun tafi da shi. Bayan an yi girbi wani da ya kuɓuto ya zo ya rantse a gaban liman cewa zazzaɓi ya kashe Dogo a can, kuma da hannunsa aka rufe shi. Maza suka zauna karɓar gaisuwa, Inna mahaifiyarsa ma ta zauna. Wasila ta ƙi. Duk wadda ta shiga yi mata ta'aziyya sai ta ce mata Baban Ummi bai iso ba tukuna. An yi lallashi, an yi faɗa, ko gezau.

Keken kuwa aka rataye shi a bangon zaure, yadda muke yi don kada taya ta ruɓe a ƙasa. Daga nan magana ta fara yawo wai lambar tana tafiya da kanta. Wanda ya duba ya ga arba'in da tara, in ya dawo bayan wata guda sai ya ga ta haura hamsin. Mata suka daina tsayawa a zauren, Inna ta sa aka yi karatu aka yayyafa rubutu. Da labarin ya iso rumfata raina ya ɓaci, na ce mutanen ƙauye ba su da aiki, iska ce ke kaɗa tayar. Amma na san zauren nan, ko kaza ba ta samun iska a cikinsa. Gaskiya na ji tsoro, kuma na daina zuwa garin.

Sai da Wasila ta aiko musamman sannan na je, da hantsi. Keken yana nan a rataye, ƙura ta rufe sirdi da kariya. Na danna mitar. Lambobin sun dusashe, da kyar na karanta su, saura ƙiris su cika hamsin da biyu.

Muka gaisa da Wasila tana daga bayan ƙofar cikin gida. Ta ce ta ga rubutun yana ɓacewa, tana so in sa sabon batir, amma don Allah kada in taɓa lambar. Ni kuwa na san irin mitar da na ɗaura. Na gaya mata gaskiya, da zarar an cire batir komai zai koma sifili, in kuma an bar shi ba zai kai Juma'a ba.

Can ta fito cikin hijabi, ta wuce ni, ta ɗora hannu a kan tayar gaba. A lokacin na lura duk keken ƙura ce, ban da wannan taya.

Ta ce, “Ni nake tura shi, Malam Haliru. Kullum bayan asuba, kaɗan-kaɗan. Ba na so ya kwana a hanya, kuma ba na so ya iso.”



Ta ce in riƙe mata kan keken kada ya karkace. Na riƙe. Ta yi bismillah ta juya tayar, mayen ƙarfen ya fara wucewa, ƙas, ƙas, ƙas, a zauren da ba a jin komai sai shi. In tayar ta rage gudu sai ta ƙara mata. Idonta yana kan mitar, ni kuwa nawa yana ƙasa, don na kasa kallonta. A raina ina biye da shi: ga gonar geron ya wuce, ga tsamiyar bakin rafi, ga masallacin Juma'a, ga kwanar gidansu. Wallahi har ji nake kamar akwai nauyin mutum a kan sirdin.

Sai ta dafe tayar da tafin hannu, ƙarar ta tsaya. Hamsin da biyu, a dusashe, amma ana gani.

Ta ce, “Sannu da zuwa, Baban Ummi.”

Ta shiga ciki ta dawo da ruwa a kwanon shansa. Ta tsaya da shi a gaban keken, sannan ta juyo ta miƙo min. Ta ce in na sha in je in gaya wa Inna a shimfiɗa tabarmi, za ta karɓi gaisuwa.