Gidan Kifi da Tarkacen Umma

Kakata ta wajen uba, Iya Ladi, 'yar masunta ce daga Yawuri. An kawo ta Birmingham aikin ido, aka ce wata uku za ta yi, ta ƙare da hunturu biyu. Lokacin muna wani flat a unguwar Ladywood, hawa na tara, ina ɗan shekara takwas. Murhu babu, sai wata hita mai jan ƙarfe biyu a falo. Da an idar da magariba, wadda a hunturun nan tun ƙarfe huɗu ake yi, sai ta ja kujera gaban hitar tana mita: wannan wace irin wuta ce, ba hayaƙi ba toka, ko gyaɗa ba ta gasawa.

"Angona, matso," in ji ta. "Ga ta nan ta biyo ruwa."

"Ta iso mu ji."

Akwai wadda ta fi maimaitawa. Wani masunci ne da ake yi wa kallon malalaci. Mutane na bin kifi da taru daga wannan gaɓa zuwa waccan, shi kuwa yana daji yana sarar rassan ƙaya. Ɗanye yake sara, don busasshe tasowa yake yi saman ruwa. Ya ɗaure su dami-dami, ya rataya musu duwatsu, ya nutsar da su daidai inda ruwa ke fara zurfi, ya bar gora tana lilo a sama don ya gane wurin. Sai ya koma gida ya yi kwanciyarsa. Gansakuka ta kama rassan, ƙananan kifaye suka zo ci, suka sami maɓoya suka zauna, manyan karfasa suka biyo su. Shekara da shekaru gidansa bai rasa miya ba.

Da ya mutu ɗansa ya gaji wurin. Shi mai son tsafta ne, ga ƙayar tana yaga masa koma. Ya tsamo ta kaf ya ƙone, ya kafa sanduna feraru sumul, a jere gwanin kyau. Kifi ya zo, ya zagaya, ya wuce.

"Iya, ai uban ma kama su yake yi ya cinye," na ce mata wata rana.

"To da don lada ya gina? Ji min yaro! Amma dai kafin ya kama, sun sami wurin kwana."

Iya ta koma gida, ta rasu ina sakandare. Ni na zama injiniya, na koma Manchester, na sayi gida a unguwar Gorton. Tatsuniyar ta fita daga kaina.

Bara Abba ya rasu. Ban yi kuka ba, har yau kuma ban yi ba. Na yi duk abin da ake yi, na karɓi gaisuwa, na cike takardu, jikina kamar na wani. Da Umma ta fita takaba na ce ba za ta zauna ita kaɗai ba. A kwana biyu na kwashe flat ɗin da ta shekara talatin a ciki: robobin man shanu da ta wanke ta jera, tsofaffin kalandu, rediyon Abba da ya daɗe da mutuwa, samiru marasa murfi, ƙyallayen atamfa. Wasu bola, wasu shagon sadaka. Na shirya mata ɗaki a gidana, farin fenti, sabon gado, sabon labule.

Mako biyar ta yi a bakin gadon nan, da mayafinta da takalminta, jaka a cinya.

"Sadiq, ƙarfe nawa ne train ɗin Birmingham?"

"Umma, nan ne gida yanzu."

"To." Gobe kuma ta sake tambaya.

Likita ya ce alhini ne, a ba ta lokaci. Sau biyu ina dawowa daga aiki ina tarar da ita a bus stop cikin ruwan sama, ba ta san ma wace mota take jira ba. Na fara kulle ƙofa in zan fita. Ko wannan bai sa na ji komai ba.

Wata Asabar na buɗe but ɗin mota zan sa cefane, na ga wata jaka da na manta ban kai bola ba. Na tsaya ina kallonta, sai muryar Iya ta faɗo min da sandunan nan feraru. Na ɗauko jakar na zazzage a tsakiyar ɗakin Umma, kan sabon kafet.

"Kai! Wa ya ce ka taɓa min kaya?"

Ta sauko ƙasa. Ta ware robobi gefe, ta ɗora rediyon a taga inda yake zama a Ladywood, ta kama ninke ƙyallaye. Can ta zare takalmi ta tura ƙarƙashin gado, ba ta ma san ta yi ba. Ina tsaye a bakin ƙofa, makullin gidan a aljihuna. Na san wane ne ni a tatsuniyar. Na kuma san ko yanzu ba don lada na gina ba, riƙe ta nake so in yi.

Washegari ba ta tambayi train ba. Na kai mata shayi, ta ɗago daga cikin kayanta ta dube ni.

"Sadiq, ina sauran?"