Yadda Maigidana Ya Sauko Daga Fulogi Shida

Shekarar da gwamnati ta yi wa maigidana ritayar dole, abin da ya rage mana na alamar girma shi ne baƙar motarsa. Doguwa ce, mai babban inji mai fulogi shida, irin wadda in ta tsaya a ƙofar ofis masinja ke rugowa ya buɗe. Ba ta taɓa shiga lungunmu na Ƙofar Kibo ba, domin kakanninsa sun yanke lungun ne daidai faɗin jaki da mangalarsa. A bakin titi take kwana, gefen masallaci, shi kuma ya ƙarasa gida a ƙasa kamar kowa.

Ni a lokacin ina koyarwa a wata firamare a Ƙofar Jatau. Da ƙafa nake zuwa, da ƙafa nake dawowa. Kullum da safe nakan wuce shi yana goge motar da tsohuwar singileti, ya tayar da ita ta yi gurnani kaɗan, ya kashe. Iyakar tafiyarta ke nan sai ranar Juma'a. Mai ya yi tsada, wani lokacin ma sai an wuni a layi a dawo hannu rabbana, ita kuwa ba ta san an yi ritaya ba, cikinta na nan yadda yake.

Kamar yawancin ma'aikatan da aka sallama a zamanin, sai ya tuna cewa shi asalinsa manomi ne. Akwai gonar gado a wani ƙauye, tafiyar rabin sa'a a mota, wadda rabonsa da ita tun yana ɗan makaranta. Ya sayi malafa da takalmin danƙo. Baƙar mota ta fara ɗaukar buhunan takin zamani a but, wato ma'ajiyar kayanta, da danginsa na ƙauye a kujerar baya, kowa da kajinsa. Ranar da wata gwaggonsa ta shigo da tunkiya, tunkiyar ta yi abin da tumaki suka saba yi a kan kujerar fata, ya dawo gida ya kasa cin abinci. Washegari ya ce ya yanke shawara.

"Za ki ji mutane na cewa na rage mota," in ji shi. "Ba ragewa na yi ba. Motar aiki zan koma."

Na ce Allah ya sa alheri.

Wagon yake nufi, motar nan mai dogon baya da ƙofa ta biyar, wadda ake kwantar da kujerunta a zuba kaya. Sabuwa ta fi ƙarfin ɗan fansho, sai dai 'yar Kwatano, wato wadda Turawa suka gama cin moriyarta aka turo mana. Wani dillali a bakin hanyar Kaduna yana da guda biyu ƙira ɗaya, shuɗiya da ruwan toka. A bayan shuɗiyar an rubuta 1.6, a bayan ruwan tokar 2.0, kuma aka ce lambar girman inji take nunawa a ma'aunin lita. Lambobin nan biyu suka tare a gidanmu wata biyu cur, da su muke karyawa, da su muke cin tuwo.

Maigidana yana da majalisa bayan la'asar a ƙofar zaure, kuma bangon zauren shi ne bangon madafata, don haka ni ma 'yar majalisar ce, ba a dai san da ni ba. Manyan masu shawara biyu ne. Na farko wansa, da muke kira Yaya, mai sayar da huluna a kasuwa, mutumin da bai taɓa riƙe sitiyari ba, keken ma sai ya jingina da dakali yake hawa. Na biyu maƙwabcinmu, tsohon direban babbar mota, wanda ya ajiye tuƙi ya koma raka mutane sayen mota.

"Daga fulogi shida zuwa ɗaya da ɗigo shida?" in ji Yaya. "To me ya rage? Ka zo in ara maka kekena kawai. Gidan nan ba a san mu da faɗuwa warwas ba. In za ka sauko, sauko da mutunci."

Tsohon direba ya ƙara masa gishiri. Ya ce ƙaramin inji na malaman firamare ne da matan Turawa masu zuwa kanti. Ina jin haka na ƙara wa tukunya wuta.

Mutum ɗaya ne ya san abin da yake faɗa, shi ne bakaniken da ya yi shekara goma yana duba baƙar motar, wani dattijo Kirista mai gareji a Wusasa, ba nisa da tsohon cocin nan. Maigidana ya kai masa shuɗiyar ya gani. Dattijon ya saurari injin, ya shiga ƙarƙashi ya fito, ya ce, "Yallaɓai, ɗauki wannan. Gona za ka je, ba tsere ba. Kada dai ka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta." Ruwan tokar kuwa maigidana bai kai masa ba, don ya san abin da zai ji.

Ni ma an tambaye ni, sau ɗaya. Na ce a ɗauki ƙaramar.

"Malama, kin san abin da ake kira hosfawa?" in ji maigidana, yana nufin ma'aunin ƙarfin inji.

Na ce ban sani ba, amma na san tun da aka fara ba wa baƙar motar nan mai, nama ya daina zuwa gidan nan sai ziyara. Ya ce wannan ba hujja ba ce ta ilimi.

Aka sayar da baƙar mota, tsohon direba ya raka shi wajen dillali, suka dawo da ruwan toka, wadda ta fi shuɗiyar tsada nesa ba kusa ba. Ita ma lungu ya ƙi ta. Amma yanzu ya sauya salon ajiyewa: da baya-baya yake fakawa, yadda lambar nan ta 2.0 za ta fuskanci masu fitowa daga masallaci. Ita lambar yake fara gogewa kafin gilashi.

Abin da babu wanda ya faɗa masa a majalisa shi ne, a cikin birni wagon ba ta mutum ɗaya ba ce. Mai naƙuda, mu. Kayan ɗakin amarya, mu. Aka yi rasuwa a lungun baya, sai ga manya uku sun zo da gaisuwa mai tsawo, idonsu na kan dogon bayan motar. Baƙar mota ana jin nauyin roƙonta, wannan kuwa kowa ya gan ta sai ya tuna yana da kaya. Kuma irin motocin da ke haya zuwa Kaduna ke nan. Wata rana muna tafe sai wani ya tsayar da mu da hannu, ya leƙo ta taga ya ce, "Direba, akwai wurin mutum ɗaya?" Tsohon masinjan ofishinsa ne. Da ya gane fuskar sai ya durƙusa a bakin titi yana ranka ya daɗe. Maigidana ya amsa da kyar, ya ja mota. Ni kuma na duƙufa kallon ganuwa kamar ban taɓa ganinta ba.

Abu ɗaya ya riƙe masa zuciya: motar ba ta shan mai. Wannan ya zama huɗubarsa ta kullum.

"Ga ƙarfi ga tattali," yakan ce wa majalisa. "Lita biyu cif, amma sha take kamar mai azumi. Sayen mota ido ne, ba jin maganar bakanike ba."

Yaya ya ce ai shi tun farko ya faɗa. Tsohon direba dai yakan yi murmushi ya ci goronsa. Wajen dattijon Wusasa kuwa maigidana bai koma ba, ya bar shi da ƙaramin injinsa.

Asiri ya fara tonuwa da kaka. Aka ɗora mata buhunan masara har rufi, wasu a sama an ɗaure da igiya, ga ƙannensa biyu na ƙauye da gwaggon nan mai tunkiya. Akwai wani rafi a hanyar gonar da ake gangarawa a haura. Ta gangara lafiya. Wajen haurawa ta yi rabi, ta yi tari, ta dawo baya a hankali kamar mai neman gafara. Sau uku. Sai da aka sauke rabin kayan, maza suka tura, gwaggo tana gefe tana ba da umarni. Ya dawo da laka har gwiwa ya ce an sayar masa da gurɓataccen mai. Amma daga ranar motar ta kama wata ƙara, dole ya sauke girman kai ya nufi Wusasa. Na bi shi, don ina da abokiyar aiki da aka kwantar a asibitin can.

Dattijon ya tarbe mu da fara'a, bai ce ina ka shiga ba. Ya buɗe gaban motar ya daɗe yana kallo. Ya zagaya baya ya dubi lambar. Ya dawo gaba ya sake kallo. Sannan ya koma baya, ya sa farcen babban yatsansa a ƙarƙashin lambar ya ɗan ɗaga. Ta faɗo a tafin hannunsa, da busasshen gam a bayanta. A wurin da ta tashi ana ganin inuwar tsohuwar lamba a jikin fenti.

"Yallaɓai," in ji shi, "wannan da shuɗiyar uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ɗaya da ɗigo shida ce. Kulocinta ka ƙona da lodi, shi ke nan ciwonta."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta bi launuka haka ba. Ya ce yanzun nan zai koma wajen dillali, zai kai shi ga 'yan sanda, zai nuna masa ya yi aikin gwamnati shekara ashirin da wani abu. Dattijon ya bari ya gama, sannan ya ce dillalin zai karɓa da murna, ya ba shi babban injin na gaskiya, ya koma layin mai.

"An cuce ka, babu shakka," in ji dattijon. "Amma motar da na ce ka saya ita ka saya. Wanda ya raka ka fa, ba direba ba ne? Kurma ma ya ji ƙarar injin nan ya san girmansa."

A nan maigidana ya gane murmushin maƙwabcinmu, da sabuwar babbar rigar da ya ɗinka a makon da aka sayi motar: ashe da dillali suka haɗa baki. Ya karɓi lambar yana juya ta a hannunsa. Na ɗauka zai jefar. Sai na ji ya rage murya ya ce, "Kana da gam mai ƙarfi?"

Dattijon yana da shi. Ya liƙa ta daidai inda take, har ya goge da gefen rigarsa, bai yi dariya ba ko kaɗan. Har yau ina girmama mutumin nan saboda wannan.

Bayan kwana biyu muka koma ɗaukar motar. A hanyar dawowa maigidana ya ce, "Malama, maganar nan ta tsaya a Wusasa."

Na ce ai ni bakina ba ya yawo. Sai dai ƙafata ta gaji da hanyar Ƙofar Jatau, kuma tun da ƙaramin inji na malaman firamare ne, ga malamar firamare a zaune. Ya juyo ya dube ni, ya gane cewa bangon zaure yana da kunne. Ya ce mace da tuƙi a cikin birni, me za a ce? Na ce lallai mutane da magana, ko ni nan ina da wata da zan ba matar Yaya, in ta ji kuwa kasuwa ta ji. Aka fara koya mini a filin makarantarmu ranar Asabar.

Ranar da na fara fitowa da ita ni kaɗai, majalisa ta zauna tun kafin la'asar. Yaya ya ce wannan ganganci ne, injin lita biyu ba abin wasan mata ba ne, in ya ƙwace mata wa zai tare? Ina bayan bango ina tankaɗe, ina jiran in ji ta inda maigidana zai fita. Ba shi da hanya sai ɗaya. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ai Malama ba kamar sauran mata ba ce. Hannunta da ƙarfi, kanta da natsuwa. Ba kowace za a ba irin wannan injin ba." Shekara goma sha shida da aurenmu, ranar ce ya fara yabona a gaban mutane, kuma bisa ƙarya. Na karɓa hakanan. Tsohon direba kuwa, shi da maigidana tun daga lokacin gaisuwa ce kawai, kowa na riƙe da wutsiyar ɗan uwansa.

Muka raba motar: ni kwanakin makaranta, shi Asabar da Lahadi da lokacin girbi, buhu biyar ba ƙari. Masu roƙo suka ragu da kansu, domin dattawan unguwa sun gwammace su ɗauki kayansu a ka da su tsaya a gaban mace suna neman alfarma.

Da damina ta zagayo ciwon ƙafa ya kwantar da Yaya, aka ce a kai shi asibiti, maigidana kuma yana gona. Babu mai tuƙi sai ni. Aka kwantar da kujerun baya aka shimfiɗa masa katifa. Tun daga bakin masallaci ya kama addu'ar matafiya, hannunsa ɗaya riƙe da ƙofa, ɗaya da hularsa. A giya ta biyu na tafi da shi har Wusasa, masu keke na wuce mu suna yi mana sannu. Ya warke ya dawo bayan mako guda, ya shaida wa majalisa cewa bai taɓa shiga mota mai ƙarfin wannan ba, ya ji injin na neman tashi da su sama, Malama ce ta danne shi da kyar.